Tambaya da Amsa: Yaya zan gane amintaccen mai kiwon karnuka kafin in sayi kwikwiyo?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ina da gidan gonar kaji a kan hanyar Dadin Kowa, kuma ɓarayi sun matsa mini, shi ya sa nake neman karen gadi ɗan asali, wanda jininsa bai gaurayu ba. Na ga wani a Facebook yana tallar 'ya'yan Alsatian masu mako 5, ya ce in tura rabin kuɗi zai sa mini ɗaya a motar haya daga Jos, farashinsa kuma ya fi na kowa sauƙi. Shin in tura, ko akwai abin da ya kamata in fara dubawa? Daga mai karatu a Tumfure, Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka tura ko sisi, domin wannan cinikin biri a sama ne, kuma a cikin bayaninka akwai abin da ya isa ya sa ka janye. Ba a raba kwikwiyo da uwarsa kafin ya cika mako 8. A waɗannan makonni ne yake gama shan nono, yake kuma koyon zama da 'yan uwansa da sassauta cizo, wanda kuwa aka cire da wuri sau da yawa yakan tashi da tsoro ko da faɗan da ba shi da dalili, alhali karen gadi natsuwa ake nema a wurinsa. Mutumin da ya yarda ya jefa jaririn dabba a but ɗin mota na tsawon sa'o'i cikin zafi ya riga ya nuna maka matsayin dabbar a wurinsa.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne ka je da ƙafarka ka ga uwar. Kwikwiyo ƙarami yana da wuyar tantancewa, ko ga wanda ya daɗe a harkar, saboda kunnuwan Alsatian ba sa miƙewa sosai sai bayan wasu watanni, ruwa-biyu ma yakan yi kama da ɗan asali a farkon rayuwarsa. Uwar ce ba ta ɓuya. Ka dubi girmanta da tafiyarta, musamman ƙafafun baya, domin wannan jinsi, wanda aka kafa a Jamus a 1899, an san shi da larurar gaɓar ƙugu da ake gado, kuma alamarta takan fito ne bayan ka gama kashe kuɗi wajen rainonsa. Ka lura da yadda take karɓar baƙo a gaban mai ita: ta yi haushi ta tsaya ba laifi ba ne, amma wadda take makyarkyata tana ɓuya, ko wadda mai ita kansa yake shakkar kusantarta, 'ya'yanta ba abin saye ba ne. Ka tambayi uban ma. Idan na wani ne aka kai ta wurinsa, mai gaskiya zai faɗa maka inda yake. Ka tambayi haihuwarta ta nawa ke nan, domin karya takan nemi namiji kusan sau 2 a shekara, wanda kuma yake haɗa ta a kowane zagaye ba hutu ya fifita kuɗi a kan lafiyarta.

Daga nan sai wurin kwanansu. Ka duba ko akwai inuwa da ruwa mai tsabta, ka buɗe kunnuwan kwikwiyon da tsakanin yatsunsa ka nemi kaska, ka ɗaga leɓensa ka ga dasashi ja ne ko ya yi fari. Ƙaton ciki a jikin ramamme alamar tsutsa ce.

Batun rigakafi kuwa shi ne inda aka fi cutar masu saye, kuma abin yana ƙona mini rai. Allurar farko, wadda take kare shi daga cutar fabo mai kawo amai da gudawar jini da wasu cututtukan, ana yin ta tsakanin mako 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa bayan mako 3 ko 4 har ya kai kusan mako 16. Ta ciwon haukan kare sai ya cika wata 3, sannan a sabunta duk shekara. Saboda haka duk wanda ya ce maka kwikwiyo mai mako 5 ya kammala allurai ƙarya yake yi. Ka nemi katin, ka ga kwanan wata da tambarin kwalbar allurar a manne da sa hannun likitan dabbobi, sannan ka kira likitan ka tabbatar. Allurar da mai kiwo ya yi da kansa ba abin dogaro ba ce, domin maganin yana lalacewa idan ya rasa sanyi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana yin allurar haukan kare a nan gida, don haka ba wanda yake da uzuri.

Kafin ka biya, ku rubuta yarjejeniya a gaban shaida cewa za ka kai kwikwiyon asibitin dabbobi cikin kwana 3, idan an same shi da ciwo mai kiwon zai karɓi abinsa ya mayar maka da kuɗinka. Cutar fabo takan yi kwanaki a jiki kafin ta bayyana, ƙwayarta kuma tana iya yin watanni a ƙasa, don haka idan ta shiga gonarka ta zama barazana ga duk kwikwiyon da za ka kawo daga baya. Takardar asali da ba za a iya bin diddiginta ba kada ka ƙara ko naira ɗaya saboda ita.

Mai kiwo nagari shi ma zai yi maka tambayoyi a kan katangar gonarka, da wanda zai riƙa ciyar da karen, da yadda za ka saba masa da kaji tun yana ƙarami, ya kuma faɗa maka gaskiya cewa jinsi mai kaurin gashi irin Caucasian yana shan wahala a zafin Gombe na watan Maris da Afrilu. Ka fara da asibitin dabbobi na gwamnati da ke kusa da kai, ka tambayi likitocin su wane ne suke kawo karnukansu rigakafi a kan kari, sannan ka roƙi ɗaya daga cikinsu ya raka ka ranar da za ka je dubawa.