Amsa ga Malam kan koken wasannin bidiyo da maganar siyasar waje

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Malam, na saurari saƙonka har sau biyu. Ka tambaya ne ko sa hannu a takardar koke ta intanet yana da amfani, amma na fahimci abin da yake ci maka rai shi ne yadda Turawa sama da miliyan ɗaya suka taru a kan wasan bidiyo, alhali ga yaƙe-yaƙe ana ta hallaka bayin Allah. Wannan ɗin zan amsa, domin ka haɗa abubuwa biyu da ba ƙofa ɗaya suke shiga ba.

Da farko, ban yarda a kira maganar wasan yara ba, domin magana ce ta ciniki. Kamfanin Ubisoft na Faransa ya fitar da wasan tseren motoci mai suna The Crew a 2014, mutane suka saya da kuɗinsu, wasu ma a faifai suka saya suka ajiye a gida. A ƙarshen Maris na 2024 kamfanin ya kashe sabar (babbar kwamfutarsa ta intanet) da wasan yake dogara da ita, sai ya zama ko kai kaɗai kake son yin tserenka, wasan ba zai buɗe ba. Daga nan ne wani mai shirye-shirye a YouTube, Ross Scott, ya fara gangamin Stop Killing Games, wato a daina kashe wasanni, wanda ya haifar da koken da Turawan suka sa wa hannu. Ba su nemi kamfani ya riƙe sabar har abada ba. Abin da suka nema shi ne idan zai janye hannunsa, ya bar wasan a yanayin da wanda ya saya zai iya ci gaba da amfani da shi.

Ni abin ya taɓa ni kai tsaye, shi ya sa kuke jin zafi a muryata. Shekarun baya na tara kuɗi na wata da watanni na sayi wani wasa, ba wannan ba, na kuma kashe kuɗin data mai yawa kafin ya gama sauka, ga wutar lantarki da take ɗaukewa a tsakiyar aiki. Wata rana na kunna, sai ga rubutu cewa an daina hidimar. Faifan yana nan a akwatina har yau, ko ƙarzane babu a jikinsa, amma ba ya amfana mini komai. Ƙanena ya ce ai lasisi na saya, ba wasan ba, kuma haka aka rubuta a sharuɗɗa. To, Malam, kai da kake kasuwa, idan ka sayar wa mutum keken ɗinki, bayan shekaru ka shiga ɗakinsa ka cire masa allura da ƙafa, ka ce dama aro ne, wane alƙali ne zai saurare ka? A wurin biyan kuɗin kalmar saye na gani, ban ga haya ba. Jihar Kalifoniya ma ta yi doka a kan wannan kalmar, amma bari in bar wannan, zai kai mu nesa.

Yanzu ga yadda koken yake aiki. A Tarayyar Turai, tun 2012 akwai tsarin da idan 'yan ƙasashen Tarayyar miliyan ɗaya suka sa hannu cikin shekara guda, tare da cika adadin da aka gindaya a ƙasashe bakwai aƙalla, to dole Hukumar Tarayyar ta yi doka. A'a, na yi kuskure, bari in gyara: dole ta saurare su ta kuma ba da amsa a hukumance, amma ba a tilasta mata yin doka ba. Koken wasannin ya rufe a ƙarshen Yulin 2025 da sa hannu kimanin miliyan 1.4. Abin lura shi ne kare haƙƙin mai saye yana cikin hurumin Hukumar, tana da ikon gabatar da ƙudurin doka a kansa. Takunkumi da yaƙi da sulhu kuwa gwamnatocin ƙasashe 27 ne suke yanke su, kuma galibi sai kowace ta amince, don haka ƙasa ɗaya tana iya tsayar da komai, ko mutum miliyan nawa suka sa hannu.

Mu ma mun ga haka da idonmu. A Birtaniya, sa hannu 10,000 yana jawo amsar gwamnati, 100,000 kuma yana sa a duba yiwuwar mahawara a majalisa. Bayan zanga-zangar EndSARS, koken neman a sa wa jami'an Najeriya takunkumi ya haura 220,000, aka yi mahawara ranar 23 ga Nuwamba 2020, 'yan majalisa suka faɗi maganganu masu zafi, aka tashi ba tare da wata ƙuri'a mai ɗaure gwamnati ba. Haka a 2017 mutane sama da miliyan 1.8 suka nemi kada a karɓi Trump a ziyarar girmamawa ta ƙasa, amma ya zo a Yunin 2019.

Don kada ka ce na ɓoye, wani koken wasannin ma da aka shigar daban a Birtaniya, aka yi mahawararsa a majalisar ƙasar a Nuwamban 2025, gwamnati cewa ta yi ba ta da niyyar sauya doka. Sai dai kamfani yana tsoron abin da gwamnati ba ta tsoro a harkar waje, wato mai saye ya juya masa baya. Tun a Satumban 2024 Ubisoft ya sanar cewa zai sa The Crew 2 ya riƙa aiki ba tare da intanet ba, tun ba a yi wata doka ba.

Ga masu turo mahaɗin koken a nan kuma, don Allah ku daina cewa kowa ya sa hannu. Na Turai sai ɗan ƙasar Tarayyar, na Birtaniya sai ɗan ƙasa ko mazaunin can, kuma ana tantancewa a zubar da na bogi. Ku tura wa 'yan'uwanmu da suke zaune can idan an buɗe wani. Wassalam.