Tambayi Likita: Girman zuciya da ƙofofinta

Tambaya: Likita, ni da uwargidana mun yi hoton zuciya na eko. Nawa ya nuna ɗakin hagu milimita 55, nata 47. Ko zuciyata ta kumbura ne? Daga wani malamin makaranta, Gusau.

Amsa: Malam, kwantar da hankalinka. Zuciya ɗaki huɗu gare ta. Na hagu na ƙasa, mai tura jini ga jiki duka, faɗinsa a namiji yakan kama daga milimita 42 zuwa 58, a mace kuwa 38 zuwa 52. Ka ga kowannenku lafiya lau. Da a takardarta aka ga 55, da na ce a ƙara bincike. Girman zuciya yakan bi girman jiki, shi ya sa ma muke auna tsayi da nauyin mutum kafin mu yanke hukunci.

Tambaya: Mahaifinmu yana da shekara 74, an ce ƙofar zuciyarsa ta yi tauri. Tsufa ne kawai? Daga Maraɗi.

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Ƙofofin nan huɗu ne, aikinsu kamar bawul ɗin taya, jini ya wuce kada ya dawo. A yaro siraran fata ne masu laushi. Da shekaru suna kauri, sinadarin kalsiyam ya taru a kansu, musamman ƙofar babbar jijiyar da ke fita daga zuciya. Ita marufi uku gare ta, amma mutum 1 zuwa 2 cikin 100 da biyu ake haifarsu, galibi maza, kuma tasu takan riga tauri. Abin da nake so ku sa wa ido: haki in ya taka zuwa masallaci, ciwon ƙirji, ko suma. Kuka ga ɗaya, kada ku jira ranar da aka ba ku ta komawa asibiti.

Tambaya: Wata biyu da haihuwata, ƙafafuna a kumbure, ba na iya kwanciya sai da matashi uku. An ce ciki ne ya buɗa zuciyar. Daga Zariya.

Amsa: 'Yar'uwa, tambayarki ta fi tayar min da hankali. Gaskiya ne jinin mai ciki yana ƙaruwa da kusan rabi, ɗakunan su ɗan buɗe, amma bayan haihuwa komawa suke yi. Abin da kika faɗa ya yi kama da raunin zuciyar masu jego, wanda muke gani da yawa a Arewa. Ki dakatar da kunun kanwa, ki rage gishiri, a kai ki asibiti yau ɗin nan a yi miki eko.