Me ya sa Hungari ke ba 'yan wasu ƙasashe shaidar zama ɗan ƙasa?

Malam, ka tambaya ko wannan ba katsalandan ba ne cikin harkar maƙwabta. Sai an koma 1920 kafin a gane. Yarjejeniyar Trianon, wadda aka ƙulla a wannan shekara bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, ta raba Hungari da kusan kashi biyu bisa uku na ƙasarta, mutane wajen miliyan 3 masu jin Hungariyanci suka wayi gari a ƙarƙashin wasu tutoci. Jikokinsu na nan a Transilbaniya ta Romaniya, da kudancin Sulobakiya, da Boibodina ta Sabiya, da yammacin Yukiren. Iyaka ce ta ratsa su, kamar yadda ta ratsa Katsina da Maraɗi.

A 2001 aka yi dokar ba su tallafin karatu da izinin aiki, maƙwabta suka yi ca. A 2010 gwamnatin Viktor Orban ta sauƙaƙa ba su zama 'yan ƙasa ko ba su taɓa zama a Hungari ba, matuƙar suna jin harshen kuma asalinsu ya tabbata. Fiye da miliyan 1 sun karɓa. Sulobakiya ta mayar da martani: wanda ya nemi ta wata ƙasa ya rasa tata.

A ganina tallafa wa makarantu da harshe hakki ne, musamman bayan dokar ilimin Yukiren ta 2017 ta taƙaita karatu da harshen uwa. Inda nake da ja shi ne ƙuri'a. Tun 2014 suna zaɓen majalisar Hungari ta gidan waya, kuma a zaɓukan 2014 zuwa 2022 fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙuri'unsu Fidesz, jam'iyyar Orban, suka riƙa tafiya, alhali harajin da majalisar ke sawa ba ya hawa kansu.