Amsa ga ƙanwarmu da ta shiga aji biyu a likitanci

Salama dai 'yan'uwa. To ƙanwata, tun daren jiya na saurari saƙonki, sai yanzu na samu sarari da na fito daga zagayen marasa lafiya. In kin ji ƙarar Keke Napep a baya ki yi haƙuri, a bakin titi nake. Kin ce wata biyu ke nan da shigarki aji biyu, karatu ya sha kanki, kin daina gudun safe da kika saba, kuma in kin buɗe Littafi Mai Tsarki barci ke kwashe ki, har kina tsoron ko kin ja da baya ne. Na ce bari in amsa a nan gurup, don na san ba ke kaɗai ba ce.

Kin ga aji ɗaya, ai kusan maimaicin sakandare ne, kemistiri da fizis da bayoloji. Aji biyu ne ake gane wanda ya zo. Anatomi, fisiyoloji, bayokemistiri, duk a lokaci guda, ga warin fomalin, maganin da ake adana gawar da muke karatu a kanta, da ke bin mutum har cikin abinci. Ƙashi 206 a jikin mutum, kowanne da sunan tudunsa da raminsa. Kuma a wajenmu 50 ne maki na wucewa, 49 faɗuwa ce. Don haka gajiyar da kike ji ta jiki ce, kada ki ɗora wa ruhunki laifi.

Ni a aji biyu ina cikin mawaƙa, ni ce sakatariyar zumuntar ɗalibai, ina koyar da yara ranar Lahadi, Juma'a kuma kwanan addu'a. Gwajinmu na farko a kan hannu ne, saƙar jijiyoyin nan da ke fitowa daga wuya, waɗanda muke kira C5 zuwa T1. Ban kai 50 ba, ko kusa. Na je ina kuka wurin wata mama likita a ikilisiyarmu, ina jiran ta ce mu yi azumi. Sai ta sa na lissafa mata ayyukana, ta kalle ni ta ce, "Duk wannan wa ya aike ki?" Na ji haushi sosai a ranar, ba zan ɓoye ba. Amma kafin mako ya ƙare na ajiye uku, na riƙe waƙa kaɗai.

Abin da nake so ki rarrabe ke nan. Yawan taro daban, zama da Ubangiji daban. Taro za ki iya ragewa, zaman nan ne ba a taɓawa. Minti 15 da asuba, zabura ɗaya, addu'a, kafin ki taɓa waya. Kada ki bar shi sai dare bayan awa takwas a laburare, dole barci ya ci ki. Sujadar Lahadi kuma ki riƙe ta. Wasu za su yi ƙorafi cewa kin yi sanyi, to, ba su za su zauna miki babbar jarrabawar likitancin nan, MB ta biyu, ba. Ki duba Sarakuna ta Ɗaya sura 19, lokacin da Iliya ya gaji har ya roƙi mutuwa. Mala'ika bai yi masa faɗa ba, abinci da ruwa ya ba shi, ya koma ya kwanta.

Barcin ma, ki daina bin masu kwana a aji har gari ya waye suna shan kofi. A cikin barci ƙwaƙwalwa ke ajiye abin da aka karanta, za ki gani da kanki a fisiyoloji. Ki karanta, ki rufe littafi, ki zana abin a farar takarda daga ka. Inda kika maƙale, nan ne ba ki sani ba.

Gudu kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako ta ce ga babba, wato minti 30 sau biyar. Ko tafiya da sauri daga hostel zuwa aji ta shiga lissafi. Ni sau uku nake samu, a sanyin Jos na Disamba ma sau biyu ne, kada in yi miki ƙarya.

Af, maganar gawa da kika ce tana hana ki cin nama, wannan sai mun haɗu, ba ta waya ba ce. Asabar ƙarfe shida zan zo ƙofar hostel ɗinku, ki nemo takalminki tun Juma'a. To ga motata nan ta iso, sai an jima.