Kwalbar Lafite da aka ba mahaifina, magani ce?

Tambaya: Malam, hankalina a tashe yake. Mahaifina yana fama da hawan jini. Wani abokinsa ya kawo masa kwalbar Château Lafite Rothschild daga Faransa, ya ce masa tsohon ruwan inabi ne, daɗewa ta fitar da barasar cikinsa, saura maganin zuciya kawai. Gaskiya ne?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Ba gaskiya ba ne.

Lafite gonar inabi ce a Pauillac, yankin Bordo na Faransa. Tana sahun farko a jerin darajar da aka yi wa gonakin yankin a 1855, kuma Baron James de Rothschild ya saye ta a 1868. Har yau tana hannun zuriyar gidan. Da hannu suke tsinkar inabin a kaka, mafi yawansa irin Cabernet Sauvignon. Sai a zuba shi a manyan tankuna, yis ya cinye sukarin ya mai da shi barasa. Daga nan ruwan ya yi kimanin shekara ɗaya da rabi a sababbin gangunan katako masu cin lita 225, waɗanda masassaƙan gidan ke haɗawa da kansu. Aikin ƙwarewa ne, ban musa ba, amma abin da ke fitowa giya ce, barasarta kusan kashi 13 cikin 100.

Wannan zancen na cewa tsufa na kashe barasa, na gaji da jin sa. Ta ina za ta fita, kwalba tana toshe? Abin da ke canzawa da shekaru shi ne baurin da ke fitowa daga ɓawon inabi da 'ya'yansa. Yana laushi, launi ya dushe, ruwan ya daina kame harshe. Sai mai sha ya ji babu kaifi, ya ɗauka babu maye. Barasar tana nan yadda aka rufe ta, ko kwalbar ta shekara 40, kuma hanta ba ta san tsadar kwalba ba.

Masu tallar giya da sunan magani sukan fake da sinadarin resberatrol da ke ɓawon jan inabi. Ɗan abin da ke cikin kofi bai kai ya yi wa kowa magani ba, kuma wanda ya ci inabin ɗanye zai same shi. A Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa ƙarara cewa babu wani adadin barasa da ba ya cutarwa. Ga mai hawan jini kuwa abin ya fi muni: tana ƙara hawan, tana kuma rage ƙarfin ƙwayoyin da yake sha. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne dattawan da ba su taɓa kusantar giya ba, yanzu ana ɗura musu ita da sunan magani, wasu har su ajiye ƙwayoyin asibiti.

Ki lallaba Baba cikin ladabi ya mayar wa abokin nasa kwalbarsa. In har ya riga ya fara sha, ku faɗa wa likitansa ba tare da jin kunya ba, a sake auna jininsa a makon nan.