Sabuwar Motata Ta Cika da Karce, In Sake Fenti Ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi sabuwar Toyota Corolla baƙa wata huɗu da suka wuce. Kullum da safe yarona yana goge ta da tsumma, amma yanzu idan rana ta haska ta sai in ga wasu siraran layuka zagaye-zagaye kamar saƙar gizo-gizo. Ga kuma wani dogon karce a ƙofar baya da ɗan adaidaita sahu ya yi mini a cunkoso. Mai fenti ya ce in kawo a feshe ta gaba ɗaya. Mene ne shawara? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya. Kada ka yarda a feshe ta. Fentin kamfani ana gasa shi ne a zafin da ya kai wajen digiri 140 tun motar tana ƙarfe zalla, ba kujera ba roba. Babu garejin da zai iya maimaita maka wannan, kuma ranar da ka tashi sayarwa, dillali na shafa ta zai ce "an taɓa ta", kuɗinta ya faɗi.

Abin da ido ke gani kamar fenti ɗaya, hawa huɗu ne. Akwai na hana tsatsa a kan ƙarfe, sai firema, wato shimfiɗar da kala ke zama a kai, sai kala, sai kuma wani rufi garai-garai kamar gilashi a sama, wanda masu fenti ke ce wa kiliya. Shi ke ba da sheƙi, shi ke kare kalar daga rana. Kaurinsa bai wuce maikiron 35 zuwa 50 ba, wato bai kai kaurin takardar rubutu ɗaya ba. Saƙar gizo-gizon nan duk a jikinsa take, kalar da ke ƙasa lafiyarta ƙalau.

Kuma, ka yi haƙuri, tsumman yaronka ne ya yi ta. Ƙurar da ke kwana a kan mota, musamman ta hunturu, ɓarɓashin yashi ne, kuma yashi ya fi kiliya ƙarfi nesa ba kusa ba. Duk wanda ya ɗora busasshen tsumma a kai ya murza, sanfefa ya sa wa motar. Haka masu wankin bakin titi: bokiti ɗaya, soso ɗaya, a wanke taya da shi a dawo bonet, in ya faɗi ƙasa a kaɗe a ci gaba. Farar mota ma tana shan wannan wahalar, illa dai baƙa ce ba ta rufa asiri.

Karcen ƙofar kuwa, gwada shi da kanka. Wanke wurin tukuna, domin sau da yawa ruwan ɗorawar da za ka gani fentin adaidaitar ne ya manne a kan naka, folish kaɗan zai ɗauke shi. Sannan ka zuba ruwa. In layin ya ɓace yana jiƙe, ya dawo bayan ya bushe, a kiliya ya tsaya. Sai ka ja farce a kai a gicciye. In farce ya wuce sumul, folish ya isa. In ya maƙale, ya yi zurfin da gogewa ba za ta fitar da shi ba. In ka hango toka-toka ko fari a ciki, ya kai firema. In ƙarfe ne ke ƙyalli, kada ka bari damina ta same shi haka, tsatsa ba ta jira.

Abin da mutane ba su sani ba game da folish shi ne ba cike ramin yake yi ba. Cinye gefe da gefe yake yi har su yi daidai da gindin karcen. Kowace gogewa da inji rage kiliya ce, kuma ba ya tsirowa. Motocin da kake gani rufinsu da bonet sun yi fari suna ɓarewa kamar fatar maciji, kiliyarsu ce ta mutu, rana ta ƙarasa abin da inji ya fara. Don haka ka nemi wanda zai fara da folish mafi laushi a ɗan wuri kaɗan ya gani, in da hali mai na'urar auna kaurin fenti. Wanda ya ɗauko sanfefa kafin ya dubi motar da kyau, ka yi masa sallama. Man goge baki da ake ta yayatawa kuma bar shi a banɗaki, dishi-dishi kawai zai bar maka.

Idan karcen ya zarce kiliya, in ɗan siriri ne, a cike shi da ɗigon fenti da ƙaramin burushi. Lambar kalar tana kan takardar da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba. A Toyota za ka ga C/TR, lambobi ukun farko su ne kala, misali 202 baƙi ne, 040 fari. In mai faɗi ne, a feshe ƙofar ita kaɗai. Garantin kamfani bai shafi irin wannan ba, sai dai inshora in kana da cikakkiya.

Daga gobe, a fara kwara wa motar ruwa har ƙurar ta sauka kafin hannu ya taɓa ta. Bokiti biyu, ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraye soso, da sabulun mota maimakon omo, da tawul mai laushi na maikirofaiba, daga sama zuwa ƙasa, taya a ƙarshe da sosonta daban, kuma a inuwa. Kashin tsuntsu a jiƙa shi a ɗauke a ranar, yana cin kiliya. Ranar da babu ruwa, a bar ta da ƙurarta.

Za a yi maka tallan siramik, wani ruwan kariya da ake shafawa a kan fenti. Yana ƙara sheƙi, yana sauƙaƙa wanki, amma ba ya tare adaidaita sahu. Abin da ke tare karce shi ne ledar kariya mai kauri da ake mannawa, ita kuma da tsada, shi ya sa yawanci a bamba, bonet da bakin ƙofofi kawai ake sa ta.