Kwatancen gida daban, shiga gida daban

Ɗiyata,

Saƙonki ya same ni bayan la'asar. Kin ce wata baiwar Allah ta rubuta yadda ake daka yajin daddawa, kina son ki sa linkin rubutun nata a shafinki na girke-girke, amma kina gudun kada ya zama rashin ladabi in ba ki nemi izininta ba. Na ji daɗi da abin ya dame ki ma.

To, ba sai kin nema ba. In baƙo ya tare ki a bakin Kasuwar Kurmi ya ce ina rumfar wane mai ɗinkin hula, sai kin ruga kin tambayi mai hular kafin ki yi masa kwatance? Ai godiya ma zai yi miki, kin kai masa ciniki. Linki kwatance ne. Shi kansa Baturen Ingilan da ya ƙirƙiro wannan saƙa ta shafukan intanet a 1989, Tim Berners-Lee, ya rubuta a 1997 cewa babu dalilin neman izini kafin a nuna shafin wani, kuma nunawar ba ta nufin ka yarda da abin da ke ciki. A 2014 kotun Tarayyar Turai ta yanke irin haka a ƙarar wasu 'yan jaridar Suwidin: abin da mai shi ya baje a fili, kowa na iya nuna shi.

Sai dai ki tuna gidan kakanku. Zaure na kowa ne, almajiri da mai talla duk suna tsayawa. Amma daga nan ba namijin da ke ƙara taku ɗaya sai an aiki yaro ciki ya ce wai ana sallama da maigida. Linkin shiga rukunin dangi na WhatsApp, ko na hotunan biki da aka ajiye a Google Drive aka turo miki ke kaɗai, wannan mabuɗin cikin gida ne, ba a miƙa wa wani sai an tambaya. Kada kuma ki yi wa mutane kwatancen inda ake rabon kayan sata, littafi ko fim ɗin da aka ɗora ba da sanin mai shi ba. Wannan kotu dai a 2016 ta ce wanda ke neman kuɗi da shafinsa, ana ɗauka ya san abin da ya nuna.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kwashewa. Na taɓa yin rubutu a kan marinar Ƙofar Mata. Makonni na yi ina zama da marina a bakin karofi, har bakin rigata ya kama baba. Ana nan sai wani abokina ya turo mini rubutun, wai "Malam, karanta wannan, zai burge ka." Nawa ne tsaf, har da wata kalma da na maimaita bisa kuskure. Sunana kaɗai aka cire. Da kwatance mutumin da ya kwashe rubutun ya yi, da na sa masa albarka. Malamanmu na zaure ba sa kawo magana sai sun faɗi daga wa suka ji ta, tun kafin a san wata dokar haƙƙin mallaka, balle wadda aka sa wa hannu a Najeriya a 2023.

Saboda haka ki ambaci sunanta, ki faɗi abin da ya burge ki da bakinki, ki sa linkin. Hoton yajin nata kuwa, shi sai kin tambaya. Bayan kin sa, ki aika mata ɗan saƙo na gaisuwa, yadda za ki ce wa maƙwabciya "na turo miki baƙi, sun iso kuwa?" In ta ce ba ta so, ki cire, kada ki tsaya ja da ita a kan doka.

Ki gaida mamanki, ki ce mata yajin da ta ba ni da Babbar Sallah ya ƙare.

Kawunki